Yadda Ake Gyara Mahaɗan Tsohuwar Wayar Alminiyam a Cikin Gida

Tsakanin 1965 da 1973, lokacin da farashin jan ƙarfe ya yi tashin gwauron zabo, magina da masu aikin wayarin a Amurka sun koma ga alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo, suka riƙa jan shi daga akwatin rarraba wuta zuwa kowane soket da makunni da fitila a cikin gida. Hukumar da ke kula da amincin kayan masarufi a ƙasar, wadda aka fi sani da CPSC, ta ƙiyasta cewa gidaje wajen miliyan 2 ne aka yi wa irin wannan wayarin, kuma an yi makamancinsa a Kanada a waɗannan shekaru da 'yan shekarun da suka biyo baya. Yawancin gidajen suna nan ana zaune a cikinsu, ana sayarwa ana ba da haya, don haka wanda ya sayi tsohon gida a can yana iya wayar gari ya tarar cewa abin da ke cikin bangonsa ba jan ƙarfe ba ne.

A ranar 28 ga Afrilun 1974 mutane biyu suka rasu a gobarar wani gida a Hampton Bays da ke jihar Niyok, kuma jami'an kashe gobara suka gano cewa wutar ta taso ne daga mahaɗar wayar alminiyam da ta ɗauki zafi a jikin soket. Binciken da aka yi wa hukumar daga baya ya nuna cewa gidan da ke da alminiyam ɗin da aka ƙera kafin 1972 ya ninka gidan da ke da jan ƙarfe sau 55 wajen yiwuwar samun aƙalla mahaɗa ɗaya da ta kai matakin haɗarin gobara. Wannan adadi ba ya nufin gobara ta ninku sau 55, yana magana ne a kan mahaɗan da aka samu sun yi zafi fiye da kima ko suna tartsatsi ko sun fara ƙona abin da ke kusa da su, amma ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa. Wayar da ke kwance a cikin bango ba ta cika kawo matsala ba matuƙar kaurinta ya dace da wutar da take ɗauka. Bakinta ne abin tsoro, wato wurin da aka ɗaure ta da sukuru ko aka murɗa ta da wata waya.

Dalilan suna cikin halin ƙarfen kansa. Da zarar an feɗe wayar alminiyam iska ta taɓa ta, nan take wata siririyar fata mai tauri take rufe ta, kuma wannan fata ba ta barin wuta ta wuce, saɓanin dattin da ke hawa jan ƙarfe wanda bai kai ta hana wuta tafiya ba. Sannan alminiyam ya fi jan ƙarfe buɗewa idan ya ji zafi da fiye da kashi ɗaya bisa uku, saboda haka duk lokacin da aka kunna dutsen guga ko hita wayar tana kumbura a ƙarƙashin sukuru, idan aka kashe ta koma, kuma da yake ƙarfen yana da taushi ba ya komawa daidai yadda yake, sai ya riƙa lotsewa kaɗan-kaɗan har ɗaurin ya saki. Inda ɗauri ya saki iska ta samu ƙofa, fatar nan ta ƙaru, wuta ta ƙara shan wahalar wucewa, zafi ya ƙaru, kumburi ya ƙaru. Soket ɗin wancan zamani sun ƙara dagula lamarin, domin an yi su ne don jan ƙarfe, wasunsu ma da sukurun baƙin ƙarfe wanda buɗewarsa ta yi nisa da ta alminiyam. Idan kuma alminiyam ya taɓa jan ƙarfe kai tsaye a wuri mai danshi, alminiyam ɗin ne yake cinyewa.

Mutane da dama suna mamakin yadda bireka, wato makunnin da ke katse wuta da kansa idan ta yi yawa, ba ta faɗuwa alhali soket na neman kamawa da wuta. Bireka tana auna yawan wutar da ke bi ta waya ne kawai, ba ta san zafin mahaɗa ba. Idan hita tana jan amfiya 12 a layin da aka ƙayyade wa 15, a wurin bireka komai lafiya lau yake, amma idan mahaɗar ta lalace har turjiyarta ta kai rabin om, zafin wat 72 ne yake fita daga wurin da bai wuce girman ƙwayar wake ba. Wanda ya taɓa kama tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da hannu bayan ya daɗe a kunne ya san abin da wannan ke nufi a cikin ƙaramin akwatin da ke manne da katako.

Matakin farko shi ne tabbatar da irin wayar da ke gidan, kuma ana iya yin haka ba tare da kwance komai ba. A ɗauki tocila a shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko gareji ko sararin da ke tsakanin silin da rufi, inda wayoyi ke tafiya a fili, a karanta rubutun da ke jikin rigar waje, wanda ake maimaitawa bayan kowane ɗan tsawo. Idan an ga AL ko ALUM ko ALUMINUM, to magana ta ƙare. Haska tocila daga gefe yana taimakawa, domin a wasu wayoyin rubutun dannawa aka yi a jikin roba, ba fenti ba ne. Launin toka-toka shi kaɗai ba hujja ba ne, saboda gidajen da suka girmi waɗannan suna da jan ƙarfe da aka shafe da kuza, wanda shi ma fari ne a ido, sai dai idan aka dubi bakin da aka yanke za a ga ja a ciki. Kauri ma alama ce, domin sauƙin da wuta ke samu wajen ratsa alminiyam kimanin kashi 61 cikin 100 ne na wanda take samu a jan ƙarfe mai kaurinsa, shi ya sa ake sa lamba 12 a layin amfiya 15 inda da jan ƙarfe ne lamba 14 ta isa, da lamba 10 a layin amfiya 20 a maimakon lamba 12. A ma'aunin Amurka, ƙanƙantar lamba tana nuna ƙarin kauri. Idan aka samu alminiyam lamba 12 a bayan bireka mai amfiya 20, birekar ta yi wa wayar girma kuma dole a sauya ta.

Murfin soket mai ɗumi, fitilar da ke lumshewa tana dawowa, warin ƙonanniyar roba, ko soket ɗin da ya daina aiki alhali birekarsa ba ta faɗi ba, duk alamu ne da ya kamata a kashe layin saboda su nan take a kira mai gyaran wuta. Sai dai rashin alama ba shaida ce ta lafiya ba, domin mahaɗa tana iya shekara da shekaru tana cin kanta a ɓoye. Sau da yawa sai an buɗe akwatin ake ganin ɓarnar: rigar farar wayar ta koma ruwan ƙasa tsawon gaɓar yatsa daga bakin sukuru tana marmashewa a hannu, sukurun ya yi baƙi, robar soket ɗin ta tsage a gefensa, kuma idan aka ɗan taɓa wayar sai ta yi motsi a ƙarƙashin kansa.

Wannan aiki na ma'aikacin lantarki ne mai lasisi wanda ya saba da alminiyam, kuma a wurare da yawa doka tana neman izinin hukuma da duba aikin bayan an gama. Amfanin bayanin da ke tafe ga mai gida shi ne ya san abin da zai nema da abin da zai ƙi, ya kuma iya tsayawa a kan aikin ya gane ko ana yin sa yadda ya kamata. Yawan ciro soket don leƙawa ma haɗari ne, domin kowace lanƙwasa tana gajiyar da wayar kuma tana ƙara sassauta ɗaurin.

Hanyoyi uku ne hukumar CPSC ta amince da su a matsayin gyara na dindindin. Mafi inganci shi ne a ja sabuwar wayar jan ƙarfe a duk gidan, a datse tsohuwar daga bakinta biyu a bar ta a bango ba wuta. Wannan ya fi tsada kuma yakan kai ga fasa bango da silin, amma duk wanda ya riga ya shirya babban gyaran gida, a ganina bai kamata ya tsaya wata shawara ba, tunda bangon a buɗe zai kasance.

Sauran hanyoyin biyu dabararsu ɗaya ce, wato a ɗaura wa bakin kowace wayar alminiyam guntun jan ƙarfe ta hanyar mahaɗi na musamman, sannan guntun ne zai tafi ga soket ko makunni, ta yadda alminiyam ba zai sake taɓa sukurun da ba a yi dominsa ba. A hanya ta biyu, wadda ake kira COPALUM, ana zura wayoyin biyu cikin wani ɗan bututun ƙarfe, a matse shi da na'ura mai ƙarfin da ya kai na nauyin fam 10,000, wato kimanin tan huɗu da rabi, wanda ke fasa fatar nan ya cuɗe ƙarafan su zama kamar abu ɗaya ba tare da an sa musu wuta ba, sannan a sa rigar roba mai tsukewa idan ta ji zafi. Ita ce hukumar ta fi fifitawa bayan sauya waya, kuma mahaɗinta siriri ne ba ya cin wuri. Cikas ɗinta shi ne ba a sayar da na'urar a kanti, sai ma'aikatan da kamfanin da ke ƙera ta ya horar ne ke samun ta, kuma ba kowane gari ke da su ba. Filayar matse waya ta kasuwa ba ta maye gurbinta, ko da kuwa abin da ta matse ya yi kama da na gaske.

Hanya ta uku, wadda hukumar ta karɓa a 2011, ita ce mahaɗin AlumiConn, kuma ita ce aka fi samu a yau. Ɗan dunƙulen ƙarfe ne da aka shafe da kuza, mai ramuka biyu ko uku, kowane rami da nasa sukurun da ɗan giris a ciki mai hana iska shiga, duka a cikin gidan roba ruwan shunayya. Hikimarsa ita ce kowace waya tana da nata ramin, saboda haka alminiyam da jan ƙarfe ba sa haɗa jiki. Da yake ingancinsa ya rataya ne kacokan a kan hannun mai sawa, ya dace a bi aikin daki-daki.

Ana fara kashe birekar layin, a manna mata takarda don kada wani ya mayar, sannan a gwada testa a wurin da aka san akwai wuta domin a tabbatar tana aiki kafin a gwada kowace waya a cikin akwatin da za a taɓa. A gwada har farar wayar, wato wadda wuta ke komowa ta cikinta, domin a wasu gidajen layi biyu suna tarayya a farar waya guda, kuma wani akwatin yana ɗauke da wayoyin bireka biyu daban. Bayan an kwance soket ɗin a hankali, sai a yanke lanƙwasasshen bakin da ya daɗe a ƙarƙashin sukuru a zubar, tare da duk inda rigar ta ƙone ko ta bushe, har sai an kai ga lafiyayyar waya. A yi tsimi wajen yankan, domin abin da maginan wancan lokaci suka bari a akwati ba shi da yawa, kuma idan wayar ta gajarta ƙwarai sai an ja sabuwa.

Feɗewa ita ce inda ake yawan yin ɓarna. Alminiyam ba ya jure rauni, ɗan tsagin da wuƙa ko reza ta yi masa a zagaye ya isa ya sa ya karye bayan lanƙwasa biyu ko uku, wani lokaci ma a cikin rigarsa inda ido ba ya gani. A yi amfani da abin feɗe waya mai ramuka, a zaɓi ramin da ya dace da lambar wayar, a cire kimanin milimita 8, sannan a juya bakin a gaban haske a duba. Idan an ga tabo, a yanke a sake. Ana zura wayar a miƙe har ƙarshen raminta, waya ɗaya a rami ɗaya, ba tare da wani tsiraicin ƙarfe ya leƙo waje ba kuma ba tare da rigar ta shiga ƙarƙashin sukuru ba. Guntun jan ƙarfen ya kai santimita 15, lamba 14 ko 12 a layin amfiya 15 da lamba 12 a layin amfiya 20, kuma launin rigarsa ya bi na wayar da yake wakilta.

Sai ɗauri, wanda shi ne ran aikin baki ɗaya. Ana yin sa ne da sukundireba mai auna ƙarfin murɗawa, wadda ake saita ta a kan lamba ta kuma yi ƙara ta saki idan an kai. Ga alminiyam lamba 12 ana neman inci-fam 10, kimanin niyuton-mita 1.1, ga lamba 10 kuma inci-fam 15, kimanin 1.7, amma takardar da ta zo a cikin kwalin ita ce abin bi ga kowace waya, har da ta jan ƙarfe. Ma'aikacin da ya ce hannunsa ya san daidai saboda shekarun da ya yi a sana'a yana iya yin gaskiya a kan jan ƙarfe, a nan kuwa ba haka ba ne, domin sakin ɗauri yana barin fatar nan ba a fasa ta ba, wuce gona da iri kuma yana lotsa wayar ya raunana ta. Idan babu wannan sukundireba a jakarsa, a ganina gara a nemi wani. Bayan ɗauri ana ɗan jan kowace waya a ji ta kafu, a rufe murfin robar har ya kama, sannan a lanƙwasa bakin guntun jan ƙarfen ya bi sukurun soket ta ɓangaren da sukurun ke juyawa idan ana ɗaure shi: baƙar waya ga sukuru mai ruwan zinariya, fara ga mai ruwan azurfa, ta ƙasa, wato wayar kariya daga jan wuta, ga kore. Ita ma wayar ƙasa, wadda ba ta da riga, alminiyam ce a waɗannan gidaje kuma tana bukatar nata mahaɗin.

Mahaɗai uku da ƙarin wayoyi suna cika tsohon akwati, kuma dokar wayarin ta ƙayyade yawan abin da akwati zai ɗauka gwargwadon girmansa. Idan wuri ya yi kaɗan, a ƙara wa akwatin baki ko a sauya shi da babba, kada a danna soket da ƙarfi a kan wayoyin. Ana tura mahaɗan can baya tukuna, a naɗe wayoyin alminiyam sau ɗaya cikin lanƙwasa mai faɗi, a bar jan ƙarfen ya ɗauki duk wani motsi da za a yi nan gaba.

Gyara soket ashirin a bar ɗaya kamar kashe maciji ne ba a sare kansa ba, saboda wutar soket ɗin ƙarshe tana ratsa duk mahaɗan da ke gabansa. Aikin ya haɗa da kowane makunni, da fitilun silin da fankoki, da soket ɗin da ke ɓoye a bayan firji ko kabad, da na waje da na gareji, da na'urorin da aka haɗa kai tsaye ba filogi kamar injin wanke kwanuka da na ɗumama gida, da akwatunan haɗa waya da ke saman silin waɗanda wani lokaci audugar hana sanyi ta binne su. Har inda alminiyam ya haɗu da ɗan uwansa alminiyam sai an sake shi. Hanya mai sauƙi ita ce a bi gidan layi-layi da takarda, a rubuta kowane akwati da lambar birekarsa, a sa alama idan an gama shi.

Akwai gyare-gyaren da suka fi araha da za a iya kawo wa mai gida. Hular murɗa waya ruwan shunayya, mai giris a ciki, tana da shaidar gwaji kuma masu duba aiki da dama suna karɓar ta, amma hukumar CPSC ba ta ɗauke ta gyara na dindindin ba, domin an samu waɗanda suka yi zafi har suka narke a lokacin gwaji da kuma a cikin gidaje. Hular murɗawa ta yau da kullum kuwa ba a yi ta don alminiyam ba sam. Soket da makunnai masu alamar CO/ALR an ƙera su don su karɓi alminiyam kai tsaye kuma sun fi na da nesa ba kusa ba, sai dai ba sa magance mahaɗan fitilu da na saman silin, kuma soket mai kariya daga jan wuta da ake sawa a banɗaki da kicin galibi ba ya zuwa da wannan alama, don haka gyara ne na rabi. Kada a ruɗe da tsohuwar alamar AL-CU a jikin ƙananan soket, wadda ta gabaci CO/ALR kuma ba ta wadatar ba. Ramukan bayan soket da ake soka waya kawai ba sukuru ba na alminiyam ba ne ko kaɗan. Murɗa waya biyu da filaya a naɗe da baƙin salatif yana ɓoye matsalar ne a ƙarƙashin abin da zai iya narkewa, kuma dalmar liƙi ta yau da kullum ba ta kama alminiyam. Bireka mai gano tartsatsi ƙari ce mai amfani bayan an gama gyara, amma mahaɗar da ke yin ja tana ɗumama shiru ba tare da tartsatsi ba tana iya wuce ta.

Manyan wayoyin alminiyam masu silili da yawa, waɗanda ke kawo wuta daga mita ko suke zuwa murhun lantarki, maganarsu daban ce, kuma har yau ana sa sababbi da ingantaccen gamin da ake kira AA-8000, wanda ya maye gurbin tsohon 1350 a wayarin cikin gida. Abin da suke bukata shi ne bakin ɗauri mai alamar AL7CU ko AL9CU, a goge bakin wayar da burushin ƙarfe, a shafa mata giris mai hana tsatsa irin su Noalox ko Penetrox inda mai ƙera kayan ya ce a shafa, a ɗaure daidai da lambar da ke rubuce a jikin akwatin. Wannan ɓangare ma'aikaci kaɗai ke taɓa shi, domin ko an kashe babbar bireka wayoyin da suka shigo daga mita suna nan da wuta. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya san wannan mahaɗa ko da gidansa duk jan ƙarfe ne, saboda wayar da ke saukowa daga falwaya galibi alminiyam ce, kuma inda aka murɗa ta da jan ƙarfe a bar ta ga ruwan damina nan ne ake ganin farin gari yana taruwa, wuta tana rawa, tartsatsi yana tashi da dare. Maganinta mahaɗi ne mai ƙarfe biyu, gefe ɗaya alminiyam ɗaya jan ƙarfe, kuma ma'aikatan kamfanin rarraba wuta ne ke da hurumin katse layin kafin a sa shi.

Idan an kammala, a mayar da wuta layi ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowane soket da ƙaramar na'urar da ke nuna ko an juya waya ko ta ƙasa ba ta haɗu ba. Daga nan a jona hita ko dutsen guga a soket ɗin ƙarshe na kowane layi na kimanin rabin sa'a, a zagaya ana ɗora bayan hannu a kan murfin duk akwatunan da ke kan layin, ko a duba su da kyamarar da ke ganin zafi idan ma'aikacin yana da ita, kuma duk wanda ya fi maƙwabtansa ɗumi a kashe a sake buɗe shi. A karɓi takarda daga ma'aikacin mai ɗauke da lambar lasisinsa, da sunan mahaɗin da ya sa, da adadin akwatunan da ya gyara, a haɗa ta da takardar mai duba aiki da 'yan hotunan akwatunan kafin a rufe su, domin kamfanonin inshora da dama suna tambayar irin gyaran da aka yi kafin su karɓi gida mai wayar alminiyam, haka ma wanda zai saye shi nan gaba.